Shiri mai dogon zango: a ina ya kamata labari ya tsaya?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Na kalli Chernobyl, shirin nan na 2019 mai kashi 5 kacal, wanda aka yi a kan fashewar tashar nukiliya ta ranar 26 ga Afrilu 1986 a Yukren, zamanin Tarayyar Sobiyet. Cikin dare biyu na gama shi. Yau kwana tara ke nan, amma har yanzu in na rufe ido ina ganin sojojin nan da ake turawa kan rufin ginin, kowa daƙiƙa 90 aka ba shi ya ɗebi tarkace da shebur ya watsa ƙasa ya gudu, kafin tururin nukiliya ya yi masa illa. Kafin shi kuwa wata huɗu na yi ina bin Kuruluş Osman na Turkiyya, har na kai inda na ajiye, kuma wallahi in aka ce in faɗi abin da ya faru a tsakiyar zango na biyu ba zan iya ba. An kama wannan, an kuɓutar da shi, an gano maci amana, an kashe shi, wani maci amanar ya ɓullo. Shi ya sa nake ganin duk shirin da ya wuce zango biyu ya daina ba ka labari, riƙe ka kawai ake yi. Ko ni kaɗai ne nake ganin haka?

Zinariya92:
Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai ba ne Yaya. Ni Prison Break ce ta fara koya mini wannan darasin. Sunan shirin ma fasa kurkuku ne, kuma a ƙarshen zangon farko, bayan kashi 22, sun fasa sun fita. To me ya rage? Sai ga shi a zango na uku an sake jefa jarumin, Scofield, wani kurkukun a Panama don dai a sami abin fasawa. Na sake kallon zangon farko kwanan nan, har yanzu yana nan da zaƙinsa. Sauran ban ko waiwaye su ba.

Sarkin_Kallo:
Malam Abban Sadiq, ka yi mini haƙuri, amma hukuncin nan naka ya yi faɗi da yawa. Breaking Bad zango 5 ne, kashi 62, daga 2008 zuwa 2013. Nuna mini zango ɗaya da za a cire a ciki labarin ya tsaya da ƙafarsa. Malamin makaranta ne mai koyar da kimiyyar sinadarai, mutum mai sanyi wanda ko ɗalibansa ba sa ganin girmansa, aka ce masa yana da kansar huhu. A hankali a hankali ya rikiɗe ya zama mutumin da matarsa ke tsoron kwana ɗaki ɗaya da shi. Irin wannan rikiɗar ba ta yiwuwa a kashi 5. Da an gaggauta ta, da ba wanda zai yarda. Sai da ka zauna da shi shekara da shekaru kana ba shi uzuri, sannan wata rana ka farka ka ga ashe mugu kake goya wa baya.

Abban_Sadiq:
Sarkin_Kallo, ban kalli wannan ba, don haka ba zan yi musu a kai ba. Amma ka ga guda ɗaya ka kawo.

Sarkin_Kallo:
Ɗaya na kawo don ɗaya ya isa ya karya "duk" ɗin da ka ce. In kana son na biyu, ga Dae Jang Geum na Koriya, kashi 54, kuma tun 2003 aka yi shi. Yarinyar da ta shiga fada tana ƙarama, aka kore ta, ta koyi aikin magani, ta dawo ta zama likitar sarki. Kowane mataki da dalilinsa.

Maman_Ilham:
Ni dai bari in faɗi nawa a matsayin mai kallo da rana tsaka tana aiki. Ku maza kuna zama ne ku kashe fitila ku zuba wa fim ido. Ni kuwa ina ninke kaya, yaro na kuka, ana ƙwanƙwasa ƙofa. Shirin da in na juya baya minti biyu zan rasa zaren labarin ba nawa ba ne. Dogon shiri yana yi mini uzuri. In na rasa kashin yau, gobe za a maimaita mini abin da ya faru ta bakin wata. Abin da kuke kira jan labari, ni shi ne yake ba ni damar kallo. Kuma mutanen ciki sun zama kamar maƙwabta, na san halin kowa, na san wadda in ta shigo za a yi rigima. Ba kullum mutum ke neman abin da zai hana shi barci ba.

Ummu_Haidar:
Maman Ilham kin faɗi gaskiya, amma Anti akwai iyaka. Kumkum Bhagya na Indiya tun 2014 aka fara shi, ya haura kashi 2,000. Na bi shi shekara uku. A rabu, a shirya, a manta da komai saboda hatsarin mota, a tuna, a sake rabuwa. Da labarin iyayen ya ƙare sai aka tsallaka shekaru aka ɗora a kan 'ya'yansu, su ma suka gaji irin wahalar. Ranar da na daina, ƙanwata ce ta tambaye ni me jarumar take so a rayuwarta, na buɗe baki na rasa amsa. Mutum ya yi shekara uku da wata bai san abin da take nema ba, ai ba labari yake bi ba.

MalamTarihi:
Ina so in ɗan ja hankalin Abban Sadiq kan Chernobyl ɗin da ya yaba, don kada a ɗauka gajarta ita ce gaskiya. Shirin ya yi kyau ƙwarai, amma don ya shiga kashi 5 sai da aka matse tarihi. Matar nan masaniyar kimiyya, Ulana Khomyuk, babu ita a duniya. An ƙirƙire ta ne ta tsaya a madadin masana da yawa da suka yi aikin, kuma su kansu masu shirin sun faɗi haka a rubutun ƙarshe. Valery Legasov, masanin da shi ne jarumin shirin, mutum ne na gaske, ya rasu a 1988, amma bai halarci shari'ar da aka yi wa shugabannin tashar a 1987 ba, balle ya tsaya gaban alƙali ya yi jawabin da ya fi komai ratsa jiki a kashi na biyar. Jirgin nan mai saukar ungulu da aka nuna ya faɗi a kwanakin farko, a watan Oktoba ya faɗi, wata biyar da wani abu bayan fashewar. Gajeren shiri yana yanke gaskiya ya haɗe ta, dogon shiri yana yi mata ƙari. Kowanne da irin ɓarnarsa.

Abban_Sadiq:
Malam, na gode da wannan gyaran. Batun matar na gani a ƙarshe, amma na shari'ar ban sani ba, kuma gaskiya ya ɗan sosa mini rai, don wurin nan ne na fi so. Sai dai ko da haka, shirin ya sa na je na karanta yadda aka kwashe mutanen garin Pripyat sai washegari, bayan kusan awa 36 suna shaƙar abin da ba su sani ba. Osman bai taɓa sa ni neman littafi ba.

Dan_Takarda:
A nan kam ban yarda ba. Mutane nawa ne suka fara jin sunan Ertugrul, da Daular Saljuƙawa, da mamayar Mongol, ta dalilin Diriliş Ertuğrul? Zango 5 ne, kashi 150 a tashar TRT 1 ta Turkiyya, daga 2014 zuwa 2019, kowane kashi kusan awa biyu. Ni dai shi ya kai ni karatun yadda Bagadaza ta faɗi hannun Hulagu a 1258. Da ban kalla ba, da ban nema ba.

MalamTarihi:
Dan_Takarda, madalla da ka nema. Matsalar ita ce yawancin masu kallo ba sa nema. Abin da tarihi ya tabbatar game da shi Ertugrul kansa kaɗan ne ƙwarai: shi ne mahaifin Usman wanda daular Usmaniyya ta ɗauki sunansa, ya zauna yankin Söğüt, ya rasu wajajen 1280. Wannan ba zai cika kashi biyar ba, balle 150. Sauran duk aikin marubuta ne. Ibn Arabi da ake nunawa yana ɓullowa duk lokacin da akta ya shiga tsaka mai wuya, malami ne na gaske da ya rasu a Dimashƙa a 1240, amma babu wata hujja da ta nuna sun taɓa haɗuwa. Na sha jin matasa suna kawo maganganun cikin shirin a matsayin abin da shehin ya faɗa. Wannan yana damuna matuƙa, don jingina wa malami maganar da bai yi ba ba ƙaramin abu ba ne.

Hafsy_M:
Ni tambaya ce da ni, ku yi haƙuri na ɗan karkata. Ku da kuke kallon na Turkiyya da Koriya, da fassarar murya kuke kallo ko da rubutun ƙasan allo? Ni idona ba ya iya bin rubutu da fuska lokaci ɗaya.

Sarkin_Kallo:
Rubutu, 'yar'uwa. Rabin wasan ɗan wasa a muryarsa yake. In aka ɗora masa muryar wani, an raba shi da rabin aikinsa. Sati biyu kawai za ki sha wuya, daga nan ido ya saba.

Baba_Dattijo:
Yaro, kana magana ne da idon ɗan shekara talatin. Ni da tabarau ma rubutun nan gudu yake yi mini. Fassarar murya ita ta buɗe wa irinmu ƙofa, da waɗanda ba su yi karatun boko ba. Abin da nake ƙi shi ne mai fassara ya mai da kansa ɗan wasa, ana cikin makoki a fim shi yana sako barkwanci, ko ya ƙara abin da ba a faɗa ba. In ya tsaya kan amana, aikinsa abin godiya ne. Kuma tunda ana maganar tsawo, ku bari in tuna muku fina-finan Moustapha Akkad. The Message na 1976 kusan awa uku ne, haka ma Lion of the Desert, labarin Umar Mukhtar wanda Italiyawa suka rataye a Libiya a 1931. Na sake kallon na biyun watan jiya tare da jikokina. Awa uku, an buɗe labari, an rufe. Wurin da tsohon ya hana mutanensa kashe fursunan yaƙi, ɗakin shiru ya yi. Shekara arba'in da wani abu da yin fim ɗin, bai tsufa ba.

Hafsy_M:
Allah ya ƙara girma Baba. Na ji daɗi da ba ni kaɗai ba ce.

Injiniya_B:
Bari in dawo da mu kan tambayar farko, don ina ganin ba a taɓo asalin ciwon ba. Ba yawan kashi ne matsala ba. Tambayar ita ce: ranar da marubuci ya fara rubutu, ya san inda zai tsaya? La Casa de Papel misali ne da ya fi kowanne fitowa fili. An rubuta shi ne a matsayin labari guda mai ƙarshe, fashi a gidan buga kuɗi na Sifaniya, aka nuna shi a tashar Antena 3 a 2017, kashi 15, aka gama. Da Netflix ta saye shi ta sake yanka shi, duniya ta karɓa, sai aka ce a dawo. To ɓarayin sun riga sun tsere da kuɗinsu, me zai dawo da su? Dole aka ƙirƙiro dalili, aka kama ɗaya daga cikinsu, aka shiga babban bankin ƙasar. Duk wanda ya kalla ya san bambancin. A na farko dabara ce ke aiki, kowane abu Farfesa, shugaban ɓarayin, ya riga ya lissafa. A na biyu bindiga da gurneti suka karɓe wurin dabara. Squid Game na Koriya, inda masu bashi ke wasannin rai ko mutuwa don kuɗi, shi ma haka. Marubucinsa Hwang Dong-hyuk ya yi kusan shekara goma yana yawo da labarin ba wanda ya karɓa, ya fito a 2021 da kashi 9 cikakku. Zango na biyu a Disamba 2024 ya zo, kashi 7, ya tsaya a tsakiyar hanya, sai a Yuni 2025 aka ƙarasa. Labarin da ya daɗe yana nuna a zuciyar mai shi daban yake da wanda kasuwa ta yi oda.

Kanwar_Maza:
Injiniya, ni fa zango na biyu na Squid Game ya burge ni. Ƙuri'ar nan da ake kaɗawa bayan kowane wasa, a ci gaba ko a tsaya, ita ce ta fi komai tayar mini da hankali. Mutum ya ga gawarwaki da idonsa, an ba shi ƙofar fita, ya danna a ci gaba saboda bashin da ke jiransa a waje. A zangon farko sau ɗaya aka yi ƙuri'ar. A na biyu aka mai da ita zuciyar labarin. Wannan ƙari ne mai ma'ana, ba jan rai ba.

Injiniya_B:
Na karɓi wannan, Kanwar_Maza. Amma ɗan sandan nan da mutanensa da suke ta yawo a jirgin ruwa suna neman tsibirin da ake wasan fa? Kashi nawa aka ɓata a kansu?

Kanwar_Maza:
Wannan kam ba ni da abin kare shi.

Zinariya92:
Abin da Injiniya ya faɗa shi ya faru da Jumong na Koriya. Kashi 60 aka tsara, da ya karɓu aka ja shi zuwa 81. Kuma akwai kishiyar haka, wato a gaji a yi sauri. Game of Thrones zango 8 ne, littattafan da ake ɗaukowa suka ƙare wa masu shirin a hanya, don har yau marubucin bai kammala su ba. Sai zangon ƙarshe na 2019 ya zo da kashi 6, aka dunƙule abin da ke buƙatar shekara biyu. Mace ta yi zango bakwai tana 'yanta bayi, cikin kashi ɗaya ta ƙone gari. Ba wai ba zai yiwu ta lalace ba, amma ba a ba mu lokacin ganin lalacewar ba. A nan gajarta ce ta kashe shirin.

Shugaban_Zaure:
Jama'a, tunatarwa biyu. Na farko, duk wanda zai faɗi ƙarshen fim ya rubuta gargaɗi a sama tukuna, akwai waɗanda ba su kalla ba. Zinariya, ke nake nufi. Na biyu, in shiri yana da fitowar da ba ta dace a kalla da yara ko iyaye ba, a faɗa. Game of Thrones da Breaking Bad da Squid Game duk ba na zaman falo da iyali ba ne, kada wani ya ga an yaba ya je ya kunna a gaban 'ya'yansa.

Zinariya92:
Tuba nake Shugaba. Na ɗauka shekarun da ya yi sun isa kowa ya gani.

Ummu_Haidar:
Tunda Shugaba ya kawo maganar iyali, ga wanda na kalla da yarana ranar Asabar: Children of Heaven, fim ɗin Iran na 1997, na Majid Majidi. Bai kai awa ɗaya da rabi cikakke ba. Yaro ne ya kai gyaran takalmin ƙanwarsa ya ɓatar da shi, suka ɓoye wa iyayensu don sun san babu kuɗin sabo. Sai suka riƙa karɓa-karɓa da nasa, ita ta sa da safe ta je makaranta, ta dawo a guje ta miƙa masa a lungu, shi ma ya ruga. Shi ke nan labarin. Babu bos, babu bindiga, babu wanda ya mutu. Ɗana mai shekara tara, wanda ba ya iya zama minti goma wuri ɗaya, bai motsa ba. Da aka zo tseren gudu na ƙarshe tsaye ya miƙe yana ihu. Ba zan faɗi yadda ta kaya ba saboda dokar Shugaba. Da dare na same shi yana goge takalmin ƙanwarsa ba wanda ya sa shi. Takalmi ɗaya aka riƙe mu da shi, ni da na yi shekara uku ina bin masu gidajen bene da hatsarin mota.

Maman_Ilham:
Ummu Haidar kin sa ni kwaɗayi, zan nema. Amma kin ga ke ma ranar hutu kika zaɓa kika zauna. Ranar Talata da rana fa? Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Dan_Takarda:
Ba wanda ya ambaci namu. Daɗin Kowa na Arewa24 ya yi shekaru ana yi, kuma ban taɓa jin ya ci amanata ba, don tun farko bai yi mini alkawarin ƙarshe ba. Gari ne aka gina da mutanensa, kana leƙawa ka ga yadda suka kwana. Irin wannan ba a tambayar yaushe zai ƙare, kamar yadda ba ka tambayar yaushe unguwa za ta ƙare. Wanda ke cin amana shi ne wanda ya ɗaura maka tambaya ɗaya, wa ya yi kisan, wa za ta aura, sannan ya yi ta ɗage amsar. Labarina na Aminu Saira ya yi abin da na yaba: da labarin farko ya kai inda ya kai, aka ɗauko wani sabo da sababbin mutane a ƙarƙashin sunan. Suna ya ci gaba, labari ya huta.

Sarkin_Kallo:
Dan_Takarda ya raba gardama a wurina. Shiri iri biyu ne, mai tafiya da mai zama. Mai tafiya dole ya isa. Mai zama ba inda za shi. Rikicin yana tasowa ne in an sayar maka da mai zama da sunan mai tafiya.

Injiniya_B:
Sai dai a lura, na YouTube suna da wani matsin na daban. Kuɗinsu daga talla yake zuwa, talla kuma tana bin yawan kallo da tsawon zaman mai kallo. Furodusa da ya ga shirinsa na ci, in ya rufe shi ya rufe hanyar abincin mutum hamsin, kuma ba shi da tabbacin sabon zai karɓu. Shi ya sa za ka ga an nuna mota ta fito daga gida, mai gadi ya buɗe ƙofa, ta fita, ya rufe, ta hau titi, duk ba magana. Minti uku sun tafi. Ba rashin basira ba ne kullum, lissafi ne. Ina tausaya musu, amma mai kallo ma datarsa da lokacinsa yake bayarwa.

Hafsy_M:
Ni irin wuraren nan gudu nake ƙara wa bidiyon, in an zo magana in mayar daidai.

Baba_Dattijo:
'Yata, in har sai kin tura fim da hannu kafin ya tafi, ai ya gaya miki matsayinsa. Amma kada hannun ya saba, don akwai shirun da shi ne fim ɗin. Jikana ya kunna mini Oppenheimer na 2023, labarin masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko, awa uku cur. Wurin gwajin bam na farko, a Yulin 1945, haske ya tashi, sai aka ɗauke sauti gaba ɗaya, ba ka jin komai sai numfashin mutane, kafin ƙarar ta iso daga baya. Haka abin yake a zahiri, haske yana riga sauti isowa. Wanda ya saba turawa zai tsallake wurin yana cewa ba a magana. Abin da ban ji daɗinsa ba a fim ɗin shi ne ba a nuna mutanen Hiroshima da Nagasaki ba ko sau ɗaya. Awa uku ana nuna damuwar wanda ya ƙera, ba a ba waɗanda aka jefa wa ko minti ɗaya ba.

MalamTarihi:
Baba, wasu na cewa da gangan aka yi, don fim ɗin ta idon mutumin ake kallonsa, shi kuma bai je can ba. Akwai wurin da ake nuna musu hotunan ɓarnar, kyamara ta tsaya a fuskarsa yana kawar da kai. Na fahimci hujjar, amma ina tare da kai, zuciyata ba ta gamsu ba.

Kanwar_Maza:
Abban Sadiq, in gajere kake so mai nauyi, nemi Adolescence na 2025. Kashi 4 ne, kuma kowane kashi ɗauka ɗaya aka yi masa, kyamara ba ta yanke ba daga farko har ƙarshe. Yaro ɗan shekara 13 'yan sanda suka fasa gida da asuba suka kama, ana zarginsa da kashe 'yar makarantarsu. Ba a ɓoye maka ko ya yi ko bai yi ba, tun kashin farko za ka sani. Abin da ake bi shi ne yaya aka yi yaron da ke kwana a ɗakinsa, iyayensa na ganin yana cikin tsaro, ya zama haka ta hanyar abin da yake gani a waya da kwamfuta. Kashi na uku kusan duka mutum biyu ne a ɗaki, shi da likitar ƙwaƙwalwa. Na ƙarshe kuwa na uban ne. Gargaɗi irin na Shugaba: ba na yara ba ne, akwai zagi da maganganu masu nauyi. Amma duk mai ɗa namiji da ya fara riƙe waya ya kamata ya gani. Ni da na gama sai da na kira yayana na ce ya zauna da ɗansa su yi hira.

Abban_Sadiq:
Na rubuta shi, da Children of Heaven. Sarkin_Kallo, na janye "duk" ɗin, amma ban janye sauran ba. Har yanzu ina ganin cikin dogayen shirye-shirye goma, da wuya ka sami biyu da suka san inda za su. Kuma Maman Ilham, maganarki ta tsaya mini, don ban taɓa tunanin mai kallo da hannu cikin aiki ba. Sai dai ina tambaya: da za a yi gajeren shiri mai sauƙin bi, wanda ba ya buƙatar a kashe fitila, ba za ki fi so ba?

Maman_Ilham:
Zan kalla, in ji daɗi, in gama cikin sati. Sannan sati na gaba in fara neman wani, in koyi sababbin sunaye da sababbin fuskoki. Wannan neman shi ne ba ni da lokacinsa, Abban Sadiq. Wanda na saba da shi yana nan yana jirana ƙarfe ɗaya.

Sarkin_Kallo:
Abban Sadiq, ka gwada Breaking Bad ko zango ɗaya ne, kashi 7 ne kawai na farkon. In ka kai ƙarshensa ba ka nemi na biyu ba, ka dawo nan ka faɗa.

Zinariya92:
GARGAƊI, wanda bai kalli Drishyam ba ya tsallake. Akwai wanda ya ga na biyun? Na asalin na harshen Malayalam ne, 2013, da Mohanlal, sai aka sake shi da Indiyanci a 2015 da Ajay Devgn. Na ɗauka labarin ya rufu ruf tunda an nuna mana inda aka binne gawar, ƙarƙashin sabon ofishin 'yan sanda. Da na ji an yi ci gaba na ce ga wani jan labarin. Jiya na kalla, kuma ban san a wane layi zan sa shi ba cikin layukan da kuka ja, don shekara takwas darakta ya bari kafin ya dawo, kuma dawowar ta zauna daram.

Injiniya_B:
Na gani. Wanne kika kalla, na Mohanlal ko na Ajay? Don akwai bambanci a yadda aka ɗauki fitowar kotun.

Zinariya92:
Na Mohanlal. Bari in nemi ɗayan a daren nan, gobe in dawo mu kwatanta.